Yadda ake ɗora injin gas a tsohuwar Hilux: walda da haɗa wayoyi

Masu kawo mini Hilux su ce a sauke injin fetur a ɗora na gas, wato dizal, galibinsu masu shiga fadama ne, masu kai taki da dakon shinkafa tsakanin Argungu, Augie, Suru da Bunza, sai kuma masu hawa duwatsun ƙasar Zuru. Ba arahar mai ke kawo su ba, don gas ya daɗe babu tallafi a kansa tun kafin a cire na fetur a watan Mayun 2023. Abin da suke nema shi ne injin da ke ja da ƙarfi tun yana ƙasa-ƙasa, ba ya shan mai da yawa, kuma ruwa ba ya kashe shi don kawai ya fantsama a kan kwayil ko wayar fulogi.

Shi injin ba kasafai yake ba mutum kunya ba. Abin da na ga yana kwantar da irin waɗannan motoci a daji shi ne ƙafar inji, wato ƙarfen da inji ke zama a kai, da aka yi wa walda cikin gaggawa, da waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif. Don haka a kan waɗannan biyun zan fi tsayawa.

Sayen inji

Injinan da suka fi zama daram a Hilux su ne dangin L na Toyota: 2L mai lita 2.4, 3L mai 2.8, da 5L mai 3.0. Ni 3L ko 5L nake ba da shawara, mai famfon injekta na gargajiya wanda totur ɗinsa na kebul ne. Akwai 5L-E, shi kwamfuta ke sarrafa famfonsa. Idan shi ka samu, kada ka biya kuɗi sai an haɗa maka da kwamfutarsa da dukan wayoyinsa ba a yanke ba, in ba haka ba ka sayi wahala da kuɗinka.

Ko daga Ladipo a Legas aka turo maka, ko ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka dage a ba ka injin da giyabos ɗinsa, filawil, kulochi, kik, altaneta da ƙafafunsa. Bakin giyabos na fetur ba ya hawa bayan injin gas haka kawai. A rubuta lambar injin a kan rasit, don za ka buƙace ta wajen gyara takardun mota, kuma ita za ta fisshe ka a shingen bincike. Tun injin yana ƙasa ka canza taimin bel da sil na gaba da na baya. A ƙasa aikin awa ɗaya ne, a cikin mota kuwa na yini.

Awo kafin a kwance komai

A ajiye motar a kan daɓen da ya daidaita. Kafin ka sauke tsohon injin, auna abu uku ka rubuta a bango da alli: nisan tsakiyar fulin kirankishaf daga shasi na dama da na hagu, wurin da bakin oksilari (giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya) yake inda furofela ke ɗaurewa, da karkatar injin. Wayar hannu ma tana da manhajar auna karkata, ka ɗora ta a saman injin ka karanta. Yawanci za ka tarar bayansa ya ɗan sunkuya da kamar digiri 3.

A daidai wannan lokacin ne kuma za ka sa wa kowace waya suna. Kana cire soket, ka manna masa farin tef ka rubuta: kik, caji, zafi, baƙin mai, kwayil, ribas. Ka ɗauki hoto. Kada a yanke ko ɗaya tukuna. Yara a gareji suna da saurin kai almakashi, sai ka tsaya a kansu.

Zaunar da inji da ƙera ƙafafu

A rataye injin haɗe da giyabos a cen bulok, a sauke shi a hankali cikin mazauninsa. Fara daga baya: idan giyabos ya hau kan ƙarfen da ke riƙe da shi a inda tsohon yake, ka huta da yanke furofela, kuma sandar giya za ta fito ta ramin da ta saba. Sai a daidaita gaba da jak da gutsattsarin katako har tsakiyar fuli ta koma kan awon da ka rubuta.

Yanzu ka zagaya da tocila. Tsakanin bayan injin da bangon gaban direba a bar aƙalla santimita 2. Tsakanin fanka da lagireto ma haka, ko fiye kaɗan, don idan mota ta faɗa rami injin yana zabura gaba. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne ƙasa. A Hilux mai aksil ɗin gaba guda, tulun aksil yana tasowa sama idan sifirin ya danne. Auna tazarar da ke tsakanin aksil da robar da ke tare shi a jikin shasi, ka ƙara santimita 3, to wannan ce mafi ƙarancin tazarar da za ka bari tsakanin tulun da kaskon baƙin mai. Wanda ya auna mota tana tsaye babu kaya ya ga da fili, ranar da ta dira a kwazazzabo da buhu ashirin a baya zai ji ƙarar da ba zai manta ba. A duba sandar sitiyari ita ma, a juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe.

Idan komai ya zauna, ɗaura sababbin robobin ƙafa, waɗanda muke kira injin sit, a jikin injin. Ɗauki kwalin taliya ka yanka shi daidai siffar ƙarfen da zai taso daga shasi ya tarbi robar. Kwali ba ya da tsada, ka yanka sau biyar in ta kama. Sai ya zauna cif sannan a zana shi a kan falan ƙarfe mai kaurin milimita 6 a yanka. Kowace ƙafa tana son shimfiɗa ɗaya a sama da haƙarƙari biyu a gefe masu siffar alwatika. Ramin noti a ɗan tsawaita shi, kada ya zama zagaye cif, don a samu wurin motsawa ranar canza roba. Kuma a ɗaga injin kamar milimita 5 sama da inda ake so ya tsaya, saboda roba tana lotsawa idan nauyi ya hau ta.

Kada a manna ƙafar kai tsaye a jikin shasi. Ƙarfen shasi bai kai kaurin ƙafar ba, kuma injin gas yana da jijjiga. A fara shimfiɗa wani falan ƙarfe mai milimita 4 ko 5 a gefen shasin, wanda ya fi ƙafar tsawo, a fiƙe bakinsa biyu kamar kan kifi ko a zagaye su. Dalili shi ne shasi yana lanƙwasa yana miƙewa a kan hanya, kuma duk inda aka ja walda a miƙe daga sama zuwa ƙasa, nan ne tsagewa ke farawa. Na sha ganin shasin da ya tsage daidai bakin walda kamar an ja layi da reza. A huda ramuka biyu ko uku a tsakiyar falan a cike su da walda, su kama shasin ta ciki.

A goge wurin da girinda har ƙarfe ya yi fari. A ɗiga walda a kusurwoyi kawai, sannan a ɗaga injin a fitar da shi gaba ɗaya. Na san ana jin ƙyuyar wannan, amma waldar da aka yi ta saƙo da inji a wurin rabi ce, kuma zafinta yana cin robar. Kafin a kunna injin walda a cire kan batir duka biyu, a cire soket ɗin altaneta da kowace kwamfuta da ta rage, a janye tiyon mai da fayif ɗin burki da ke bin cikin shasin. Maƙalin at na walda, wato wanda ake maƙalawa a jikin ƙarfe, ya kama kusa da inda ake aiki, kada wuta ta bi ta cikin boris. Rodin walda geji 10 ya isa. Idan mai waldarka ya iya 7018 kuma injinsa na ɗauka, ya fi 6013 da aka saba da shi ƙarfi, sai dai ba ya son danshi, a ajiye shi a bushe. A yi waldar guntu-guntu ana canza gefe, a bar ta ta huce da kanta. Mai watsa wa walda ruwa don ya yi sauri, sauri zai haifar masa da nawa.

Furofela, salansa da iska

Idan giyabos ya matsa, furofela ɗaya za ta yi tsawo ɗaya ta gaza. Wannan aikin mai tona ne, wato mai injin feƙe ƙarfe, ba na walda a ƙasa ba. A tabbata kunnuwan kuros na kai biyun suna kallon layi ɗaya, kuma karkatar bakin oksilari da ta bakin aksil ɗin baya kada su bambanta da fiye da digiri 1, in ba haka ba mota za ta riƙa rawa a kan kwalta.

Salansa a yi da fayif inci 2 da kwata ko 2 da rabi, a sa guntu mai lanƙwasa kusa da injin, a rataye saura da roba, a nisanta shi da fayif ɗin burki. Sifirin gaba a duba, don injin gas ya fi nauyi.

Mai shiga ruwa ya ɗaga bakin shaƙar iska zuwa saman gilashi, a toshe kowace gaɓa da kyau. Waɗannan injina suna matse iska kusan sau 22, ninki biyu da wani abu na injin fetur, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Ɗan kofi guda ya isa ya lanƙwasa kwanrod. Ƙananan hancin numfashi na aksil da giyabos su ma a sa musu tiyo a kai su sama.

Tanki da burki

A sauke tanki a wanke. Idan motar mai injekta ce, akwai famfon lantarki a ciki mai turo mai da ƙarfin da famfon gas ba ya so, a cire shi a sa fayif a madadinsa ya sauka kusa da gindin tanki. Ana buƙatar layi biyu, na zuwa mai milimita 8 da na komawa. Kada a yi amfani da fayif mai rufin zinki irin na famfon ruwa, gas yana cin rufin ya kai shi cikin nozul. Filta ta zama mai famfon hannu a ka da matarar ruwa a gindi, don man jarka da ake saye a ƙauye ba a rasa ruwa a ciki. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko ya shekara a bushe, ba na yarda a kai masa wuta a garejina. Sannan a rubuta GAS da fenti a murfin, saboda yaron gidan mai ya saba ganin Hilux ta fetur.

Burki shi ne abin da ake mantawa. Baƙar tukunyar nan da ke bayan masta tana aiki ne da zuƙar iskar injin fetur, injin gas kuwa ba ya da wannan zuƙar. Shi ya sa altanetar dangin L take da ɗan famfo a bayanta. A kai tiyo mai tauri daga famfon zuwa tukunyar, a tabbata ƙaramin fayif ɗin da ke kai masa baƙin mai da wanda ke mayarwa duk suna haɗe. Wanda ya canza altanetar da ta fetur don ta fi araha ya cire wa motarsa burki.

Wayoyi

Injin gas na gargajiya waya ɗaya tak yake buƙata don ya ci gaba da aiki, ita ce ta solonoyid da ke kan famfon injekta. Wuta ta zo ya buɗe mai, wuta ta ɗauke injin ya mutu. Sauran duka na tayarwa ne, da caji, da agogunan dashbod. Sauƙin nan ne ke sa rewaya ya raina aikin.

Fara da manyan. Batir ya zama amfiya 100, a ƙera masa mazauni da angil ayon da abin dannewa ta sama, ba igiyar roba ba. Kebul daga batir zuwa kik ya kai 35 ko 50 a ma'aunin milimita sukwaya, na at, wato na kan negatif, shi ma daidai da shi, kuma na at ɗin ya sauka a jikin injin kansa kusa da kik. Daga nan a ja wani zuwa shasi, wani zuwa bodi, kowanne a kan ƙarfen da aka kankare fenti aka shafa giris. Injin yana zaune ne a kan roba. Idan babu at mai kauri, wutar kik za ta nemi hanya da kanta, kuma kebul ɗin totur take samu. Ya yi ja, ya narke cikin rigarsa, wata rana ya maƙale a buɗe.

Wajen sayen waya ka kankare bakinta da wuƙa. Idan jan ya goge fari ya bayyana, alminiyon ce aka yi wa wanka da tagulla, ka ajiye musu. Wayar gida mai silli ɗaya ma ba ta mota ba ce, jijjiga tana karya ta a cikin rigarta inda ido ba ya gani. Ga yadda nake haɗa kaurin waya a milimita sukwaya da fis a amfiya: waya 1.5 fis 10 ko 15, waya 2.5 fis 20, waya 4 fis 30, waya 6 fis 40, waya 16 fis 80. Fis wayar yake karewa, don haka wurinsa kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya.

Solonoyid bai cin wuta sosai, fis 10 ya ishe shi. Nemo wayar da ke da wuta idan makulli na ON, kuma ba ta ɗaukewa lokacin da ake kik. Wannan sharaɗi na biyun shi ne muhimmi. Wayar rediyo da ta fankar ciki suna ɗaukewa a lokacin kik, idan ka ɗauka daga can injin zai yi ta juyawa ba ya kamawa. Tsohuwar wayar kwayil ta fi dacewa, amma a auna ta da mita, domin a wasu tsofaffin motoci tana bi ta cikin resisto, wutar ba ta cika bolt 12 ba. Ni nakan sa ta kunna rile ne kawai, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sa ya buɗe wa babba hanya: ƙafa 86 ga wayar makulli, 85 ga at, 30 ga batir ta cikin fis, 87 ga solonoyid.

Akwai ranar da muka gama wata mota da la'asar, mai ita yana zaune a benci yana jira. Yarona ya tayar, ta yi daɗi, sai na ji ya ƙwala kira:

"Maigida, na zare makulli, ta ƙiya mutuwa!"

"Mi ka taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komi ba."

Gaskiyarsa. Na zare wayar solonoyid da hannu ta mutu, Alhaji yana kallona ina kallonsa. Laifin nawa ne. Wuta ce ke dawowa daga altaneta ta wayar fitilar caji, ta shiga layin makulli, 'yar kaɗan amma ta isa ta riƙe rile a kunne. Maganinta dayod guda, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, irin 1N5408, a kan wayar fitilar, zoben da ke jikinsa yana kallon altaneta. Tun daga ranar nake sa shi kafin a tambaye ni.

Sai kuma hita fulogi, masu ɗumama cikin inji kafin a tayar. A watan Afrilu a Birnin Kebbi kusan ba ka buƙatarsu, amma da asubar hunturu a bakin gulbi injin L ba zai tashi babu su ba, sai farin hayaƙi. Tunda akwatin da ke ƙidaya musu lokaci ba ya zuwa da injin, ana sa maɓallin dannawa. Kafin nan ka kwance ɗaya ka karanta abin da aka buga a jikinsa. Idan 11V ne, ya yi. Idan 6V ko 7V ne, na tsarin akwatin ne, wutar batir kai tsaye za ta ƙone su, kuma kan da ya ƙone yana iya karyewa ya faɗa kan fistin. A canza su duka huɗu. Kowanne yana jan amfiya goma ko fiye a farkon dannawa, don haka ƙaramin rile na fitila ba zai ɗauka ba. A sa babba mai amfiya 100, waya 16, fis 80, shi maɓallin rilen kawai yake kunnawa. Maɓallin ya zama mai komawa da kansa idan an saki, kuma ya samu wuta daga ON. Daƙiƙa goma ta isa.

Altaneta ta Toyota mai regileta a ciki tana da babban noti B da ke zuwa batir ta cikin babban fis, sai soket: IG wutar makulli, L fitilar caji, S kuma mai jin ƙarfin batir. Kada ka dogara da launin waya, duba haruffan da ke jikin altanetar. Idan motar tsohuwa ce mai regileta a waje, sai an cire shi an haɗa wayoyin kai tsaye.

Na'urar zafi da ta baƙin mai, kwance na tsohon injin ka ɗaura a sabon in zaren ya yi daidai, domin su ne suka san yaren agogon da ke dashbod ɗinka. In bai yi ba, mai tona ya yi maka adafta. Agogon gudun inji daga kwayil yake karɓar saƙo, yanzu babu kwayil, sai dai a nemo dashbod na gas ko a haƙura da shi. Wayar matarar ruwa ta filta a kai ta ga wata fitila, ko da ta cek injin ce da ta zama marar aiki.

Wayoyin fetur da suka rage, na injekta da kwayil da famfon tanki, a cire fis da rilensu, a bi kowace har tushe a zare, ko a rufe bakinta ɗaya-ɗaya. Kowane haɗi a matse shi da kan waya da filaya ta matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Salatif a zafinmu wata biyu yake yi ya saki. A zura wayoyin cikin tiyon kariya, a ɗaure duk bayan taƙi ɗaya, a sa roba a duk ramin da suka ratsa ƙarfe, a nisanta su da salansa. Tsakanin bodi da inji a bar musu ɗan sako-sako don injin yana motsi. Rile da fis a jera su a sama can kusa da bonet, ƙafafunsu na kallon ƙasa.

Tashin farko

Kafin a ɗaura kan batir na at, saka kwan gwaji tsakaninsa da batir, komai a kashe. Idan ya haska sosai, akwai inda wuta ke zuba, a nemo. Idan lafiya, ɗaura ka murɗa makulli zuwa ON, za ka ji solonoyid ya yi ƙas. Danna famfon filta har ya yi tauri. Zare wayar solonoyid ka yi kik har fitilar baƙin mai ta mutu, sannan ka mayar. In ya ƙi kamawa, sassauta notin fayif a kan nozul biyu, a yi kik har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure. Kada a kai hannu kusa da man da ke fesowa, yana huda fata. Kik kada ya wuce daƙiƙa goma sha biyar a jere.

Ya tashi, sa mita a batir, ka ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Kashe, zare wayar solonoyid kuma, sa mita tsakanin kan batir mai ja da notin kik a yi kik: abin da ya ɓace kada ya wuce rabin bolt. A yi haka tsakanin kan at da jikin injin. Gwada burki: inji a kashe, taka sau biyar har ya yi tauri, riƙe shi, tayar. Feda ya nutse kaɗan a ƙarƙashin ƙafarka. In bai nutse ba, motar ba ta fita gareji.

Daga nan sai a loda mata buhunan yashi, a bi hanyar burji mai gargada a sa oksilari, a dawo a shiga ƙarƙashinta da tocila. Ana neman inda ƙarfe ya gogi ƙarfe ya bar sheƙi, da wayar da ta taɓa wani abu mai kaifi, da fentin da ya tsage a bakin walda. Bayan mako guda mai ita ya dawo da ita a sake bin notunan ƙafafu da na furofela, lokacin robobin sun gama zama.